Ta tuna shekarar El Buhari, ta manta kokon safe: yadda ƙwaƙwalwa ke riƙewa da saki

Me ya sa tsohuwa za ta zauna ta ba ka labarin yunwar 1984, wadda aka raɗa wa suna El Buhari, ta faɗa maka nawa tiyar hatsi ta kai da wanda ya fara barin garinsu, amma ka tambaye ta ko ta karya ta ce tun jiya ba a ba ta komai ba, alhali ga kwanon koko a gabanta? Me ya sa kuma yaron da ya kwana bita zai shiga ɗakin jarrabawa ya ji kansa kamar an wanke allo?

Duk shekara idan jarrabawar BEPC da ta BAC suka gabato, zancen ƙwaƙwalwa yakan tashi a Yamai. A fada, wato majalisar hirar samari, ana cewa waya ce ta kashe wa yaran yanzu kai. A kasuwa da cikin WhatsApp ana tallar maganin hadda kala-kala. A cikin gidaje kuwa akwai wani zancen da ba a cika fitar da shi waje ba, na tsoho ko tsohuwar da ta fara rikicewa, wasu su ce tsufa ne kawai, wasu su ce iska ce ta taɓa ta. Maganganun nan uku tushensu ɗaya: yawancinmu mun ɗauki ƙwaƙwalwa kamar rumbu, ka zuba ka rufe, ranar buƙata ka buɗe ka ɗiba. Ba haka take aiki ba.

Turba ce, ba rumbu ba

A cikin kan babban mutum akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Kowace tana miƙa rassa zuwa ga dubban ƴan uwanta, kuma inda reshen wannan ya kusanci waccan akwai wata ƴar mahaɗa da saƙo ke tsallakawa. Babu wani aljihu da aka naɗe fuskar mahaifiyarka aka ajiye. Abin da ke akwai shi ne rukunin ƙwayoyi da suka saba tashi tare: waɗanda suka riƙe muryarta, da na kamanninta, da na ƙamshin turarenta. Ka taɓa ɗaya, sauran su amsa.

Wanda ya taɓa zama a ƙauye ya san yadda turba ke fita tsakanin gari da rijiya. Ba wanda ya share ta. Ƙafa ce ta bi yau, ta bi gobe, har ciyawa ta haƙura. Idan aka haƙa sabuwar rijiya aka daina bin tsohuwar hanya, damina biyu ta isa ta shafe ta. Wani masani ɗan Kanada, Donald Hebb, ya kawo wannan tunani a 1949: ƙwayoyin da ke aiki tare, mahaɗarsu ƙarfi take ƙarawa. A 1973 Timothy Bliss da Terje Lømo suka wallafa abin da suka gani da idonsu a ƙwaƙwalwar zomo, cewa idan aka yi ta tura saƙo ta hanya ɗaya, hanyar takan zauna a buɗe na tsawon lokaci. Eric Kandel kuwa wani dodon koɗi na teku ya yi shekaru yana bincike a kansa, saboda ƙwayoyinsa manya ne kuma ba su da yawa. Ya gano cewa tunawa ta ɗan lokaci ƙarfafa mahaɗar da ke nan ce kawai, amma ta dindindin sai ƙwaya ta ƙera sabbin sinadarai ta tsiro da sabbin mahaɗai. Wannan aiki ya ba shi kyautar Nobel a 2000.

Ma'ana, koyo gini ne na zahiri a cikin nama, kuma gini yana son lokaci da kayan aiki. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa. Yaron da ya tafi makaranta da yunwa ba lalaci ne ke damunsa ba.

Mutumin da agogonsa ya tsaya a 1953

Mafi yawan abin da aka sani game da inda ake ɗaura sabon tunani, daga masifar mutum ɗaya aka samo shi. Henry Molaison ɗan Amurka ne mai fama da farfaɗiya mai tsanani. A 1953, yana da shekara 27, wani likita mai suna William Scoville ya yi masa aiki, ya cire wani sashe daga ɓangarorin kansa biyu, ciki har da mafi yawan wata ƴar gaɓa mai lanƙwasa da ake kira hifokamfus. Farfaɗiyar ta yi sauƙi. Sai dai daga ranar bai sake iya riƙe sabon abu ba.

Hankalinsa lafiya lau, yana hira, yana barkwanci, ya san yarintarsa. Amma ka gaisa da shi ka fita ka dawo bayan ƴan mintoci, sai ya tarbe ka kamar baƙo. Brenda Milner, masaniyar da ta riƙa zuwa daga Montreal tana gwada shi, kullum sai ta sake gabatar da kanta. Haka ya rayu har 2008.

Wani gwaji da ta yi masa shi ya fi ɗaure kai. Ta sa shi ya bi zanen tauraro da fensir, yana kallon hannunsa ta madubi kawai, abin da ke da wuya ga kowa da farko. Kwana uku yana yi, hannunsa na ƙara faɗawa, amma kowace safiya sai ya ce bai taɓa ganin wannan wasa ba. Hannu ya koya, mai hannun bai sani ba.

Daga nan aka fahimci abu biyu. Na farko, hifokamfus ba ma'ajiya ba ce, maɗaura ce: ita ke ɗaure sabon abin da ya faru, sannan a hankali ta miƙa shi ga ɓawon ƙwaƙwalwa inda zai daɗe. Shi ya sa tsoffin abubuwan Molaison ba su ɓace ba. Na biyu, tunawa ba iri ɗaya ba ce. Tuna ranar aurenka daban, sanin cewa Agadas na arewa daban, iya tuƙa babur ko murza tuwo daban, kuma kowanne da hanyarsa a cikin kai. Wannan ne ya sa za ka ga dattijon da ya manta sunan jikokinsa, amma a tada kabbara ya bi sallah daidai, Fatiha ba gyara.

Hifokamfus ɗin nan ita ce kuma mai riƙe taswirar wuri. A 2000 Eleanor Maguire ta auna kawunan direbobin tasi na Landan, waɗanda ba a ba su lasisi sai sun haddace dubban tituna, ta tarar bayan hifokamfus ɗinsu ya fi na sauran mutane girma, kuma wanda ya fi daɗewa a aikin ya fi. Nakan tuna da wannan idan na shiga tasi na ce wa direba "bayan gidan mai, lungu na biyu, wajen mai kilishi", ya kai ni ba tambaya.

Ƙofar shiga ƙarama ce

Kafin abu ya kai ga ɗauri, sai ya bi ta wata ƴar ƙofa, wato abin da kake iya riƙewa a zuci a daidai wannan lokaci. George Miller ya ce a 1956 abu bakwai ne, ko sama ko ƙasa da biyu. Masu bincike na baya, irin su Nelson Cowan, sun rage shi zuwa kusan huɗu. Dubi yadda muke faɗin lambar waya a Nijar: lambobi takwas ne, amma ba mai jero su ɗaya-ɗaya, bibbiyu muke karantawa, su zama dunƙule huɗu. Ba wanda ya koya mana, kai ne ya nemi abin da zai iya ɗauka.

Yawancin abin da muke kira mantuwa a nan yake faruwa. Ka shigo gida kana waya, ka ajiye makulli bisa firiji, bayan awa ɗaya kana ta zagin ƙwaƙwalwarka. Ba ta manta ba, tun farko ba ta rubuta ba, domin hankalinka na wajen mai magana. A nan ne masu zargin waya suke da gaskiya, amma ba ta fuskar da suke nufi ba. Rashin haddace lambobin mutane ba ciwo ba ne, turba ce da aka daina bi tunda akwai mai riƙe mana. Ɓarnar waya ita ce tsinka hankali: ɗalibi na karatu, saƙo na shigowa duk bayan minti biyu, kowane saƙo kuma sai ya kori abin da ke bakin ƙofa. Ɓarna ta biyu, wadda ta fi ta farko, cin barci.

Barci ba hutu ba ne ga ƙwaƙwalwa. A 1994 Matthew Wilson da Bruce McNaughton suka nuna cewa ƙwayoyin hifokamfus na ɓera da suka tashi tare lokacin da yake zagaya wani wuri, sukan sake tashi tare idan ya yi barci, kamar mai bita. Cikin wannan bita ta dare ake ƙarfafa abin da aka koya da rana. To ka auna ɗalibin Yamai a watan Afrilu da Mayu: zafi ya haura digiri 40, wuta ta ɗauke, ba a samun runtsawa sai an fito tsakar gida, sannan ya ƙara da shayi mai kauri da Nescafé don ya kwana karatu. Wasu har da turamol, wai don kada su gaji. Mai yin haka kamar mai yin bulo ne yana ɗora gini a kansa tun bai bushe ba.

Raƙumin da ba a dabaibaye ba

Hermann Ebbinghaus Bajamushe ne da ya mai da kansa abin gwaji. Ya riƙa haddace jerin gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, yana auna abin da ya rage bayan minti ashirin, bayan awa, bayan kwana, bayan wata. A 1885 ya fitar da sakamakon: zubewar da sauri take farawa, fiye da rabi ya tafi cikin awa ta farko, daga nan sai ta lafa. Ya kuma lura cewa maimaitawa a rarrabe cikin kwanaki ta fi maimaitawa a dunƙule cikin zama ɗaya.

Alarammomi ba su jira Ebbinghaus ba. Hadisi ya zo cewa a riƙa bibiyar Alƙur'ani, domin ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayinsa. Ka dubi tsarin makarantar allo da idon basira. Ana rubuta ɗan kaɗan, daidai abin da ƙofa za ta ɗauka. Ana karantawa da murya, da rauji, jiki na kaɗawa, wato ido da kunne da harshe duk suna tashi tare. Ana yi da dare, a kwanta, a tashi da asuba a sake. Ba a wanke allo sai yaro ya bayar da ka a gaban malam. Sannan ga tilawar baya da ba ta yankewa. Wannan na bayarwa da ka shi ne babban sirrin: a 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka gwada ɗalibai, waɗanda suka rufe takarda suka yi ƙoƙarin tunowa sun fi waɗanda suka yi ta sake karantawa riƙe darasin bayan mako guda, ko da yake masu sake karantawar sun fi jin cewa sun iya.

Abin mamaki, yaron da ya yi hadda da wannan tsari, idan ya koma boko sai ya watsar da shi, ya tara darussan wata tara ya ce zai haɗiye su cikin mako biyu. Game da maganin hadda kuwa, ba ni da ja da addu'a, zuma da zabibi ma abinci ne masu kyau. Amma malamin da ya ba almajiri rubutu ya sha, shi ne dai yake tashinsa da asuba ya ɗauki allo. Wanda ya sayar maka da kwalba jaka biyar bai ce ka yi bita ba, kuɗinka ya gani.

Kada kuma a ɗauki kowace mantuwa asara. Da za ka riƙe inda ka ajiye takalminka kowace rana tun shekara goma, da ba ka gane inda ka ajiye shi yau ba.

Na gani da idona

Akwai wani ɓangaren da ya fi wuyar karɓa: duk lokacin da ka tuno abu, ba ɗauko shi kake yi yadda yake ba, sake harhaɗa shi kake yi, kuma wajen harhaɗawa sabon abu kan shiga. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer suka nuna wa mutane fim ɗin haɗarin mota, sannan suka tambaye su gudun motocin. Wasu an ce musu "lokacin da suka bugi juna", wasu "lokacin da suka ragargaji juna". Bayan mako guda aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. Babu fasasshen gilashi a fim ɗin. Amma cikin mutum 50 da aka yi wa tambayar ragargaza, 16 suka ce sun gani, a ɗaya rukunin kuwa 7. Kalma ɗaya ta saka musu gilashi a kai.

Ko manyan ranaku ba su tsira ba. Da kumbon Challenger ya tarwatse a Janairun 1986, Ulric Neisser ya sa ɗalibai suka rubuta washegari inda suke da yadda suka ji labarin. Bayan kusan shekara uku ya sake tambayarsu, da yawa suka ba da labari daban, kuma suna da yaƙinin cewa haka aka yi. Gwada a gidanku: tambayi mutum uku yadda aka kwana ranar da kogi ya fasa ya shiga unguwannin Harobanda a 2020, wa ya fara tashi, wa ya ɗauki wa. Za ka ji labari uku.

Wannan ya shafi zaman gado da rikicin iyakar gona da bashin da aka bayar ba takarda. Dattawa biyu za su rantse a kan inda aka kafa dutse shekara talatin da suka wuce, su saɓa, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Ƙarfin yaƙinin mai shaida ba ya nuna daidaiton abin da ya tuna. Ba banza ba aya mafi tsawo a Alƙur'ani ta ce a rubuta bashi.

Gigin tsufa: ina iyakar tsufa, ina farkon ciwo?

Mu koma ga tsohuwarmu da kokonta. Tsufa yana rage sauri: suna ya maƙale a bakin harshe, sai can da la'asar ya faɗo. Wannan ba komai ba ne. Abin dubawa shi ne idan mutum ya yi tambaya ɗaya sau biyar cikin zama guda, ya ɓata tsakanin gida da masallacin da ya yi shekara arba'in yana zuwa, ya kasa lissafin canjin da a da yake yi ido rufe, ko halinsa ya juya, mai haƙuri ya koma mai zargi. Wannan ciwo ne, ko da mun saba kiransa gigin tsufa.

A 1906 likita Alois Alzheimer ya ba da bayanin wata mata, Auguste Deter, da aka kwantar a Frankfurt tana da shekara 51 da irin waɗannan alamu. Bayan rasuwarta ya duba ƙwaƙwalwarta, ya ga wasu dunƙule-dunƙule tsakanin ƙwayoyi da wasu zarurruka a murɗe a cikinsu. Cutar da ta ɗauki sunansa takan fara ɓarna ne daga hifokamfus da kewayenta. Ga amsar tambayarmu ta farko: maɗaura ce ta lalace, don haka kokon safe bai ɗauru ba, amma El Buhari ta daɗe da ƙaura zuwa ɓawon ƙwaƙwalwa, an kuma bi turbarta sau dubu. Taswira ma a wurin take, shi ya sa ɓata hanya ke zuwa da wuri.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke da lalurar gigin tsufa, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma cutar Alzheimer ce ke da kashi 60 zuwa 70. A Nijar, inda kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka haura 65 kuma ba su kai kashi 3 cikin 100 ba, ba mamaki zancen ya maƙale a cikin ɗaki. Wani dogon bincike da aka yi tsakanin Yarabawan Ibadan da baƙaƙen fatar Indianapolis a Amurka ya tarar cutar ta fi ƙaranci a Ibadan, abin da ya ja hankali zuwa ga abinci da yanayin rayuwa da lafiyar jijiyoyin jini. Wani babban kaso na rikicewar tsofaffi daga nan yake: hawan jini da ciwon suga da ba a kula da su ba suna toshe ƙananan jijiyoyin kai kaɗan-kaɗan, ba sai an ga shanyewar ɓarin jiki ba. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin 100 na lalurar na da alaƙa da abubuwa 14 da ake iya gyarawa, cikinsu akwai hawan jini, taba, raunin ji, kaɗaici, bugun kai, da ƙarancin karatu tun yarinta. Mai kabu-kabun da ke yawo ba hular kwano, da shi ake.

Har yanzu babu maganin da ke warkar da cutar Alzheimer, akwai dai masu sassauta alamu. To me ya sa za a wahalar da tsoho zuwa asibiti? Saboda ba kowace rikicewa ce ita ba. Matsalar maƙoƙo, ƙarancin bitamin B12, ciwon damuwa, kurumta, da wasu magungunan barci duk suna iya sa mutum ya yi kama da mai gigi, kuma ana magance su. Idan kuwa rikicewar farat ɗaya ta zo, jiya lafiya yau bai san kowa ba, wannan ba na jira ba ne: yana iya zama zazzaɓi, ciwon mafitsara, faɗuwar suga, ƙishirwar bazara, ko jini ya toshe a kai. A kai shi ranar.

Wahalar ta fi faɗawa kan mata, ƴa ko suruka, kuma mafi ciwo shi ne zargi. Tsohuwa ta ɓoye kuɗinta a ƙarƙashin katifa, ɓoyon bai ɗauru ba, sai kanta ya cike giɓin da abin da ya fi kusa: an sace. Musu da ita ba ya kai ko'ina, tunda hujjar da za ka kawo ma ba za ta zauna ba. Na ga wata mata a unguwarmu da ta gano dabarar. Uwar ta ce: "Ke, tun jiya ba ku ba ni komai ba." Ba ta ce "yanzu fa kika sha" ba. Cewa ta yi: "Yi haƙuri Inna, ga shi nan tafe. Kafin ya huce, wai a shekarar El Buhari me kuka riƙa ci?" Tsohuwa ta gyara zama ta kama labari. A gefen zanenta kuma an ɗinke wata ƴar takarda cikin leda, da sunan unguwa da lambar wayar ɗanta, tun ranar da aka tsinto ta wajen kasuwar Katako tana tambayar hanyar rijiyar garinsu.